Shekara biyu ina buga golf ban taɓa sauka ƙasa da 100 ba: ta ina zan fara gyara?

Wani ma'aikaci daga Kano ya rubuto yana cewa: "Shekarata biyu da fara wasan golf. Ranar Asabar kaɗai nake samun zagaye ramuka 18, sai wata rana da yamma in na tashi aiki da wuri. Bugun da nake tashi da shi tsakanin 101 ne da 110, handikaf ɗina 28. Na yi wa kaina alƙawari kafin baɗi war haka zan sauko 9. Direba ce ke wahalar da ni, kullum ƙwallon dama take yi, har na fara tara kuɗin sabuwa. Wane buri ya kamata in sa a gaba, kuma me zan fi ba wa ƙarfi?"

Malam, na ji daɗi da ka faɗi lambobinka yadda suke, don da yawa in an tambaye su nawa suke bugawa sai su kawo lissafin ranar da suka fi sa'a. Tunda ka fito fili, ni ma zan fito maka fili. Kuɗin direban nan, wato sandar dogon bugu daga mafarin rami, ka riƙe abinka tukuna. Burin 9 kuma ka jingine shi, ba don ka gaza ba, sai don bai dace da lokacin da kake da shi ba. Handikaf lamba ce da ke nuna kimanin bugun da mutum ke ƙarawa a kan ƙa'idar fili, wato yawan bugun da aka tsara gwani zai yi. Mai handikaf 9 shi ne wanda a ranar da wasa ya karɓe shi yake tashi da 81 ko 82 ko 83 a filin da ƙa'idarsa 72 ce. Kai yanzu tsaka-tsakinka wajen 105 ne. Bugu ashirin ke nan za ka zubar cikin Asabar hamsin. Waɗanda na ga sun yi irin wannan tsalle a shekara ɗaya yara ne 'yan ɗaukar jaka, waɗanda tun sanyin safiya suna fili, in babu wanda ya ɗauke su aiki sai su ari tsohuwar sanda su yi ta bugu a gindin bishiya har magariba. Ni ma ta wannan ƙofar na shigo wasan, don haka na san yawan ƙwallon da ake bugawa kafin hannu ya faɗa. Mai ofis da iyali ba shi da waɗannan sa'o'in, kuma ba laifinsa ba ne.

Akwai kuma wani dalili da ya sa ba na son ɗalibi ya rataya burinsa a jikin handikaf. Tun 2020 da hukumomin wasan biyu, R&A da ke St Andrews a Scotland da USGA ta Amurka, suka haɗa tsarin handikaf na duniya wuri ɗaya, ana ɗaukar katunanka 20 na baya-bayan nan ne, a zaɓi 8 mafi kyau, a fitar da matsakaicinsu bayan an yi la'akari da wuyar filin. Kai da kake shigar da kati ɗaya a mako, sai ka yi kusan wata biyar kafin katunan 20 su sauya gaba ɗaya. Lambar tana tafiya a bayanka ne, nesa ma kuwa. Kana iya gyaruwa sosai a watan Janairu amma ba ta nuna ba sai ruwa ya sauka. Wanda yake leƙa ta kowace Asabar zuciyarsa za ta karye tun gyaran bai kama jiki ba. Sannan tunda mafi kyawun takwas ake ɗauka, handikaf hoton ranarka mai kyau ce. Sau ɗaya cikin huɗu ko biyar mutum yake buga daidai handikaf ɗinsa, saura duk sama yake tashi, kuma haka aka tsara abin.

To wane buri? Ka sa 99 a gaba, kuma ba sau ɗaya ba, a ce cikin kowane wasa biyar uku suna ƙasa da 100. Ɗauki biro mu yi lissafin tare, don wannan lissafin shi ne rabin amsar tambayarka. Fili mai ƙa'ida 72, in ka ƙara bugu ɗaya a kan ƙa'ida a ramuka tara, ka ƙara biyu a sauran taran, ƙarin ya zama 27, jimla 99. Ko rami ɗaya ba ka buga daidai ƙa'ida ba, amma ka karya 100. Saboda haka ka daina kallon lambar da aka rubuta a allon kowane rami. Ba don kai aka rubuta ta ba. Da handikaf 28, tsarin kansa ya ba ka rarar bugu ɗaya a kowane rami, biyu a ramuka goma mafi wuya. Ramin da aka ce na bugu huɗu ne, a wurinka na biyar ne ko shida. In tsawonsa yadi 400 ne, ka buga 150, ka sake 150, ka ɗora ta wurin ramin da 100, ka tura sau biyu, wato ka gangara da ita a ƙasa zuwa rami: biyar ke nan, kuma direba ba ta fito daga jaka ba.

Abin da ke kai mutum 105 ba ƙarancin nisa ba ne, ramuka uku ko huɗu ne da ake tashi da 9 ko 10. Kafin ka canza komai, ina so ka yi wasa biyar kana ƙirga. Ka ba yaron da ke ɗaukar maka jaka wani kati daban, ka ce a kowane rami ya ja layi in ɗayan abubuwan nan ya faru: ƙwallo ta ɓace ko ta fita iyaka ko ta faɗa inda sai da hukunci aka ɗauko ta, ka buga ta lalace, wato ba ta yi rabin tafiyar da ka nufa ba, kana kusa da rami amma sai da ka buga sau biyu kafin ta hau wurin ramin, ko ka tura sau uku. Kada ka riƙe a ka. Kai yana tuna bugu mai daɗi ɗaya na rami na bakwai ya manta da huɗun da suka lalace kafinsa.

Na taɓa yin wannan da wani ɗan kasuwa da ya zo mini da kuka irin naka, direba, direba. Muka zauna a inuwa bayan wasa da katin yaron a hannu. Ya tashi da 107. Ƙwallo uku sun ɓace, kowacce ta ci masa bugu biyu, shida ke nan. Bugun sandunan ƙarfe da ya lalace a tsakiyar fili, ko sandar ta daki ƙasa kafin ƙwallo ko ta shafi kanta ta yi ta gangare, goma sha ɗaya. Ya tura sau uku a ramuka shida. Ya daɗe yana kallon katin, sannan ya ce, "Ashe ƙarfen da nake ganin na iya shi ne ke cin amanata." Asabar ta gaba na ce ya bar direba a but ɗin mota, ya fara kowane dogon rami da sanda mai lamba 5 ta katako. Ya ji nauyin abin a gaban abokansa, na gani a fuskarsa, amma ya yi. Ƙwallo ɗaya ya fara da ita, da ita ya gama. Bai karya 100 a ranar ba, 101 ya yi, sai bayan mako uku.

Kada ka fahimce ni a baibai, ba cewa nake dogon bugu ba shi da amfani ba. An daɗe ana gaya wa masu koyo cewa wasan duk a turi yake, kuma wannan magana ba ta cika ba. Mark Broadie, malami a Jami'ar Columbia ta Amurka, wanda lissafinsa ne gasar ƙwararru ta PGA ta fara amfani da shi a 2011 wajen auna turi, ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na bambancin da ke tsakanin gwani da wanda bai kai shi ba daga bugun da ya wuce yadi 100 yake fitowa. Abin da wannan yake nufi gare ka shi ne, ƙwallon ta tashi da kyau kuma ta sauka inda za a iya sake buga ta. Direba za ta dawo hannunka, dole ma ta dawo in kana son ganin 89 wata rana. Sai dai za ta dawo ne bayan an gyara hannun da ke riƙe ta.

Karkatar da ƙwallonka ke yi zuwa dama tana da dalili ɗaya: lokacin da sanda ta haɗu da ita, fuskar sandar a buɗe take, tana kallon dama fiye da hanyar da sandar ke bi. Sabuwar direba da za ka saya da kuɗi masu yawa, in ka riƙe ta yadda kake riƙe wannan, dama za ta kai ka ita ma. Fara duba riƙonka. In da dama kake bugu, ka dubi bayan hannunka na hagu bayan ka riƙe sanda: ya kamata ka ga gaɓoɓin yatsu biyu ko uku. Mafi yawan masu wannan ciwo ɗaya suke gani ko ba sa ganin ko ɗaya. Sannan abin da kusan kowa ke yi, wato juya jiki hagu don a ba ƙwallon wurin lanƙwasa, ƙara cutar yake yi, don yana sa sandar ta ƙara yanko ƙwallon daga waje. Dalilin da ya sa mai lamba 5 ta fi maka biyayya kuwa, ta fi gajarta kuma fuskarta ta fi kwanciya, wajen digiri 18, ita kuwa direba 9 zuwa 11, kuma duk sandar da fuskarta ta fi tsayuwa ta fi fallasa kuskure. Daga cikin kuɗin da ka tara, ka cire na darasi uku ko huɗu wurin ƙwararren kulob ɗinku, ka bar mako biyu ko uku tsakanin kowane darasi. Ka sa a ɗauke ka bidiyo da waya, daga baya da kuma daga gaba, don abin da kake ji kana yi da abin da kake yi ba ɗaya ba ne.

Ka kuma san tsadar ɓatan ƙwallo. Doka ta ce ka koma inda ka bugo ka ƙara bugu ɗaya, wato bugunka na gaba daga mafari shi ne na uku. Tun 2019 minti uku kaɗai aka ba ka na nema, da can biyar ne. In ka ga ta nufi duhuwa, ka faɗa da baki cewa za ka buga wata ƙwallo ta wucin gadi, ko da ta farkon ba za ta samu ba, ka buga kafin ku bar wurin. In kuma ka same ta a gindin darbejiya ko cikin ciyawa mai tsawo, fito da ita gefe kawai zuwa fili. Ƙoƙarin ratsa tsakanin rassa biyu shi ne yake mayar da 6 ta zama 9, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne.

Yanzu ga atisayen da na fi so, kuma ƙasarmu ta fi ko'ina dacewa da shi. Ka sami fili mai ƙasa ko yashi, ka ja layi da kan sanda, ka tsaya layin yana tsakiyar ƙafafunka ko ɗan gaba kaɗan. Ba ƙwallo. Ka ɗauki ƙarfe mai lamba 7 ka buga, ka duba inda sandar ta fara taɓa ƙasa. Muna so ta fara a kan layin ko gabansa, ta ɓangaren da ƙwallo za ta tafi, kada ta taɓa bayansa. A karon farko za ka ga tabo ɗaya a baya da faɗin tafin hannu, na biyu bai taɓa ƙasa ba sam, na uku a gaba. Wannan warwatsuwar ita ce bugu goma sha ɗayan nan na ɗan kasuwa. Ka matsa gaba kaɗan a kan layin ka sake, har ashirin, ka ƙirga nawa ne suka faɗa daidai. Abin da ke kawo tabon gaba shi ne nauyin jikinka ya koma ƙafar hagu kafin sandar ta sauko, ƙirjinka ya gama yana kallon inda ka nufa. Ranar da ka sami 15 cikin 20, sai ka jera ƙwallaye a kan layin. Wannan buri ne na gaske, don yana hannunka, kana iya auna shi ranar Talata da yamma cikin minti goma sha biyar, kuma ba ruwansa da iska ko sa'a.

Wani abin da bidiyoyin intanet ba za su koya maka ba shi ne filinka. Masu yin su a kan ciyawa mai laushi suke, wadda ake ba ruwa kullum. Filaye da yawa a Arewa kuwa wurin ramin yashi ne da aka cakuɗa da mai, abin da muke kira birawun, kuma da rani ƙasar da ke kewaye da shi kamar daɓe take. In ka ɗauki weji mai kwantacciyar fuska ka ce za ka ɗaga ƙwallo sama daga kan wannan ƙasa, gindin sandar zai yi tsalle ya daki ƙwallon a ciki, ta wuce ramin da yadi talatin. Ka ɗauki mai lamba 7 ko 8, ƙwallon tana kusa da ƙafar dama, hannu a gaba, ka buga ta kamar turi ta yi gudu a ƙasa. In babu ciyawa a tsakani, ka tura da fota, sandar turi, tun daga waje, ko yadi goma ne. Mummunan turi ya fi mummunan ɗagawa sauƙin gyara. A kan birawun kansa ƙwallo ba ta gudu kamar a ciyawa kuma ba ta cika lanƙwasa ba, don haka bayan an share maka hanya, ka tura ta da ƙarfinta kai tsaye. Ranar da ka je Abuja ka buga a filin IBB mai ciyawa, ka isa da wuri ka ba wurin turi minti ashirin, in ba haka ba hannun da ya saba da yashi zai yi ta wuce rami.

Nisan sandunanka ma ba ɗaya ba ne duk shekara. Da hunturu ƙasa ta bushe, ƙwallo tana sauka ta yi ta gangarawa, sai mutum ya ɗauka ƙarfinsa ne ya ƙaru. Damina na sauka gangaren ya tafi, ciyawa ta tashi, wanda yake isa da mai lamba 7 sai ya ga yana faɗuwa yadi goma sha biyar kafin wuri. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Sau biyu a shekara, cikin Disamba da cikin Yuli, ka buga ƙwallo goma da kowace sanda, ka cire biyu mafi nisa da biyu mafi kusa, ka auna tsakiyar sauran, ka rubuta a takarda ka sa a jaka. Wannan shi ne nisanka, ba wanda ka taɓa yi sau ɗaya iska na bayanka ba. Ko a Jos, a filin Rayfield, za ka ga ƙwallo ta ɗan fi tafiya saboda tsayin wurin, ka lura da hakan in gasa ta kai ka.

Turi ba zan daɗe a kansa ba. Ƙwararrun da kake gani a talabijin, daga nisan ƙafa 8 kusan rabi kawai suke jefawa. Don haka daga nesa ba shiga ake nema ba, a ajiye ta kusa yadda na biyu ba zai ba da tsoro ba. Abu biyu za ka yi: dogon turi don koyon ƙarfi, da na ƙafa uku a kan kafet ɗin falo, ashirin a jere kafin ka kwanta, in ka kuskure ɗaya ka koma farko. Da azumi ma, lokacin da zagaye ramuka 18 a rana ya yi nauyi, wannan da layin nan na ƙasa sun isa su riƙe maka hannu.

Ga yadda zan raba makonka in ni ne. Yamma biyu, minti arba'in arba'in. Ɗaya ta layi da ƙarfe da abin da malaminka ya ba ka, ɗayar ta kusa da rami. In kana filin atisaye kada ka zube ƙwallo hamsin da sanda ɗaya kana kallon wuri ɗaya. Bayan ka ɗumama jiki, ka riƙa canza sanda da wurin nufi a kowane bugu, kamar kana zagaye ramukan filinku a zuci, don a wasa ba a ba ka damar maimaitawa. Asabar kuma wasa ce kawai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da hannunka ya zo da shi ranar, da shi za ka yi, gyara sai Talata. Abokai za su ba ka shawara a rami na uku, wani ya ce ka ɗaga kai, wani ya ce ka yi sauri, duk da kyakkyawar niyya. Ka yi godiya ka bar ta a nan. In gasa ce ma, doka ta hana nema ko ba da irin wannan shawara tsakanin abokan karawa, hukuncinta bugu biyu a gasar da ake ƙirga bugu, yaron jakarka kaɗai ke da izinin ba ka.

Abu ɗaya zan roƙe ka, don duk lissafin nan a kansa ya tsaya: katinka ya zama gaskiya. Ka tura kowace ƙwallo har ta faɗa rami, ko abokai sun ce an ba ka. Ka ƙirga bugun da ka kai wa iska. Ka shigar da katin ranar da ta ɓaci kamar yadda kake shigar da na ranar daɗi. In kulob ɗinku na yin ƙaramar gasar nan da ake kira kiti da tsarin maki na Stableford, ka riƙa shiga, don a can rami ɗaya da ya lalace sifili kawai zai ba ka, ka ɗauki ƙwallonka ka wuce, kuma za ka koyi bugu alhali ƙirjinka na bugawa, abin da filin atisaye ba ya koyarwa.

In ka bi wannan, abin da nake sa ran gani shi ne wata uku na farko ɓatan ƙwallo ya koma ɗaya ko babu a wasa, turi uku ya koma rami biyu ko uku. Zuwa wata shida 90 da wani abu ta zama gidanka. Akwai makonnin da za ka koma 106, musamman bayan an taɓa maka riƙo, don sabon riƙo sai ya yi kamar mako uku yana jin baƙo a hannu. Kada ka koma tsohon a wannan tsakanin. Ƙarshen shekara in handikaf ya sauka wajen 20, ka yi aikin da ya cancanci yabo, kuma a lokacin ne za mu yi lissafin 89, wanda shi ma ƙari ɗaya ne a ramuka 17 da ƙa'ida a rami ɗaya tak. A lokacin ne kuma maganar sabuwar direba za ta yi ma'ana, don za a auna ta da bugun da ya zauna.

Ka fara da wasa biyar ɗin nan na ƙirga tun Asabar mai zuwa, kada ka canza komai a cikinsu. In sun cika ka turo mini katunan duka biyar, har da na yaron mai layuka, ka kuma rubuta mini sandar da ka fara kowane rami da ita.